Jan Ganye a Gonar Brondel

Kwana goma sha biyu da gama yankan inabi, Ghislaine Brondel ta buɗe tagar kicin da safe, ta tarar gonar ubanta ta yi ja. Ba duka ba. Yawancin ganyen ya koma ruwan ɗorawa kamar yadda yake yi in kaka ta tsufa, amma nan da can akwai gindin da ganyensa ya rine ya zama ja mai duhu. Ta tsaya da butar kofi a hannu tana kallo. Abin da ya fara ɗaure mata kai shi ne tsarin da abin ya bi: gindi tara rawaya, na goma ja, tara rawaya, na goma ja, tun daga bakin hanya har ƙolin tudu. Ba ta san wata cuta da ta iya ƙirga haka ba.

A gidan aka haife ta, amma ba ta taɓa ganin gonar a wannan kama ba. Shekara goma sha shida tana aiki a gidan waya a birnin Lyon. Abin da ya dawo da ita ciwon ubanta ne, tsoho Anselme, wanda ya yanke jiki ya faɗi tsakanin layukan inabi ana tsakiyar yanka. Aka ɗauko shi ɓarinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Ita kaɗai ya haifa, don haka gonar da gangunan giya da ke ɗakin ƙarƙashin ƙasa duk suka faɗo a kanta.

Mu a Vauchenay ba mu mallaki abin da ya kai sunan garin ba. Tudunmu dutse ne, kuma tsaye yake, tarakta ba ta iya hawansa, komai da kafaɗa ake yi. Abin da ya sa ake wannan wahala shi ne takardar da ake manna wa kwalba. Tun zamanin kakan Ghislaine hukuma ta shata iyaka, ta ce ba giyar da za ta ɗauki sunan Vauchenay sai wadda aka noma a cikin iyakar, da irin inabi guda ɗaya tak, ba a wuce adadin da aka ƙayyade wa kowace gona ba. Bayan haka kuma sai kwamitin ɗanɗano ya zauna ya sha ya yarda cewa ta yi kama da giyar garin. Wadda ba ta samu suna ba, a tankar mota ake kwashe ta a gauraya da ta ko'ina, a sayar wa masu sha a tsaye a bakin tasha. Wanda ya rasa sunan shekara biyu a jere, sai dai ya fara neman mai sayen gona.

Muna kuma da wata al'ada da muke ce wa zagayen zomo. Tun ana saura mako guda a yi yanka har zuwa sanyin farko, kowane mai gida yakan rataya buhu da sassafe ya bi layukan gonarsa shi kaɗai yana tsinkar ganye. Ba ya zuwa da mace, ba ya zuwa da ɗan ƙwadago. In aka tambaya, sai a ce abincin zomaye ne. Da a ce da gaske zomayenmu ke cinye wannan ganye, da sun kai girman jakuna. Amma ba mai tambaya sau biyu, kuma uba ba ya gaya wa ɗansa dalili sai ranar da zai miƙa masa makullin ɗakin ƙasa. Anselme bai samu wannan ranar ba, kuma a bana bai ƙarasa zagayensa ba.

Ghislaine ta sa takalman roba ta hau gonar. A jan gindi na uku ta samu wani ɗan nonon inabi da masu yanka suka manta, ta ciro ƙwaya ɗaya ta matse. Inabinmu na doka baƙi ne a fata, amma ruwansa fari ne tas. Wannan kuwa ja ne har zuciya, ya ɓata mata tafin hannu, ta goge a siket bai fita ba. Nan take ta gane. Shi ne inabin da ake kira marini, wanda ba shi da wani ɗanɗano sai launi, kuma doka ta haramta shi a tudunmu tun kafin a haife ta. Giyar ubanta da ake yabo saboda duhunta, ashe daga nan duhun yake fitowa.

Ta sauko ta sami tsohon a kujerarsa kusa da murhu, ta buɗe masa hannunta. Ya daɗe yana kallon jan da ke tafinta. Sai ya ɗaga hannunsa na hagu, mai lafiyar, ya haɗa yatsu biyu yana tsinkar iska, yana tsinka, yana nuna mata ƙofa da ido. Bai ji kunya ba ko kaɗan, tsoro ne kawai a fuskarsa. A kan tebur kuwa akwai wata wasiƙa da ta iso tun makon jiya, mai cewa jami'in hukumar sunayen giya zai zo duba gonar ranar Alhamis, kamar yadda ake yi wa kowa duk bayan 'yan shekaru. Ranar nan Litinin ce.

Kafin azahar Fulbert Mazuyer ya iso. Shi ne shugaban ƙungiyar manoman garin, tsaran Anselme ne, kuma shi ya riƙe Ghislaine a coci ranar da aka yi mata baftisma. Ya zo da buhuna biyu a kafaɗa yana fara'a, ya gaida mara lafiya, ya yaba ƙamshin miyar albasa da ke kan wuta. Sannan ya ce ya ga aiki ya yi mata yawa, shi ya sa ya zo ya taya ta neman abincin zomaye.

Ta ce, "Kawu, zomayenmu biyu ne, kuma sun ƙoshi."

Ya yi dariya ya ce, "'Yar birni ke nan. Zomon Vauchenay ba ya ƙoshi, 'yata. Ɗauki buhu mu je, kafin yamma mun gama. Daga hanyar kasuwa ana hango gonar nan, tun jiya mutane ke wucewa suna sunkuyar da kai."

Ta tambaye shi tun yaushe abin yake. Ya ce tun shekarar babban sanyi da ya kashe rabin tudun, aka sake dashe, giya ta riƙa fitowa fara-fara, dillalai suka fara juya baya. Ya ce ba wanda ya taɓa ciwon ciki saboda marini. Da ta ce ai takardar kwalbar ba haka ta faɗa ba, sai fara'ar ta ɗan ragu a fuskarsa. Ya ajiye buhu ɗaya a bakin ƙofa, ya ce ta yi tunani, amma kada tunanin ya wuce Laraba.

Da yamma ta sake hawa har ƙolin tudu, inda ake ganin kwarin gaba ɗaya. Ba wata gona da ke da jan ganye sai tasu. Amma yanzu ta san abin da za ta nema. A gonar Fulbert, da ta gefensa, da ta bayan coci, har zuwa iyakar gari, kowane gindi na goma tsirara yake, an tsige shi tas, sauran kuwa suna nan da ganyensu. Tun tana yarinya take ganin wannan, ba ta taɓa kawo komai a ranta ba. Ta ji kamar duk tagogin garin ita suke kallo.

Ghislaine ta gaji taurin kan ubanta, ta kuma ƙara da na ma'aikatan gidan waya, waɗanda suka yi imani cewa abin da aka rubuta a bayan ƙunshi shi ne ya kamata a samu a ciki. Ba ta taɓa buhun ba. Ranar Alhamis jami'in ya iso, wani siririn mutum ɗan arewacin ƙasar mai suna Lauvergne, wanda ba ya karɓar ko kofi a gidan da ya je dubawa. Tun kafin ya fito da littafinsa ta kai shi gaban gindin farko ta gaya masa ko mene ne. Ya bi layukan da kansa yana ɗaura wa kowane jan gindi farin ƙyalle, har ya ƙirga ɗari huɗu da goma sha biyu. Da ya gama ya juya ya daɗe yana kallon gonakin maƙwabta, sannan ya tambaye ta ko ita kaɗai ce. Ta ce ita gonarta ta sani.

Giyar shekarar ta tafi a tanka ba suna. Da hunturu ya shiga Lauvergne ya dawo ya tsaya a kai aka tumɓuke marinin duka, ya sake ƙirgawa, aka tara aka cinna wuta, ya sa hannu a takarda cewa babu ko gindi ɗaya da ya rage a gonar Brondel. Ya kuma zagaya sauran gonakin, amma gindin da ba ganye ba 'ya'ya ba ya ba da shaida a kan kowa. Shekarar da ta biyo ma ya gwada zuwa ba sanarwa. Sai dai hanyar shiga garinmu guda ɗaya ce, kuma mai gidan mai da ke bakinta yana da waya.

Ba wanda ya zage ta, mu ba ma haka. In ta shiga gidan burodi sai hira ta koma kan ruwan sama. A coci aka riƙa barin mata benci guda ita kaɗai, kamar wata babbar baƙuwa. Maƙwabtan da suka saba haɗuwa su taya juna ɗaukar ƙasar da ruwa ya zubo a mayar da ita saman tudu, a wannan shekarar kowa ya sami ciwon baya. Ta ɗauki tata ƙasar da kanta, kwando bayan kwando. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don waɗannan mutanen su suka goya ta. Amma ta cije, tana gaya wa kanta cewa in giyarta ta fito tsarkakakkiya ta samu suna, za su ga ana iya yi.

Shekarar ba ta yi rana sosai ba, amma inabin ya nuna daidai gwargwado. Giyar ta fito da ƙamshi mai daɗi, mara nauyi a baki, sai dai in ka zuba ta a kofin gilas kana iya ganin yatsanka ta ɗaya gefen. Ta kai wa ubanta kofi na farko. Ya ɗaga shi da hannun hagu ya duba a hasken taga, ya ajiye bai kai baki ba, ya juya fuskarsa bango.

A watan Maris kwamitin ɗanɗano ya zauna a benen ofishin gari. Mutum bakwai ne, manoma da dillalai, Fulbert na cikinsu. Ba a sa sunan kowa a kwalba, lamba ce kawai, don kada a yi son kai. Bayan kwana huɗu wasiƙa ta iso gidan Brondel, layi uku: giyar ba ta da aibu, amma launinta ya gaza, ba ta yi kama da giyar Vauchenay ba. An ba ta damar sake gabatar da giyar sau ɗaya bayan mako uku.

Tana zaune da wasiƙar a hannu Fulbert ya shigo, karo na farko cikin fiye da shekara. Ya tsufa a idonta. Bai zauna ba, ya tsaya yana murza hularsa.

Ya ce, "Na rantse miki ba makirci ba ne. Ba wanda ya ga suna."

Ta ce, "Amma kun san tawa ce."

"To ya za a yi ba mu sani ba? Kofi arba'in da ɗaya a kan farin zanen tebur, guda ɗaya ne kawai ake hango zanen ta cikinsa. Dillalan nan biyu ba 'yan garin nan ba ne, ba su san komai ba, kuma su suka fara cewa wannan ba Vauchenay ba ce. Shekara talatin bakinsu da idonsu sun saba da waccan mai duhu. Gaskiya suka faɗa iya saninsu."

"Tawa ce kaɗai ta doka a cikin arba'in da ɗayan, Kawu."

"Na sani, 'yata. Shi ya sa ba ta yi kama da kowa ba."

Ya ce a motarsa akwai manyan kwalabe huɗu na giyar marini zalla, nasa ne na bara, baƙi ƙirin. Moɗa uku a kowace ganga sun isa. Ya ce ba don ƙungiya ya kawo ba, don Anselme ne, wanda bai kamata a fitar da shi daga gidan nan a kan kujera a kai shi gidan haya a birni ba. Ya shigo da su ɗakin ƙasa da kansa, ɗaya bayan ɗaya, yana nishi, ya jera su a bayan ƙofa ya tafi.

Kwana tara kwalaben suna nan ba ta taɓa su ba. A cikin kwanakin dillalin da ya shekara talatin yana ɗaukar giyar ubanta ya aiko da gaisuwa mai ladabi, yana cewa ba zai iya sake jiran wata shekara ba. Wani daga garin gaba ya tsaya da mota a bakin hanya ya daɗe yana auna gonar da ido, ba kunya ba tsoron Allah. Tsohon kuma ya rage cin abinci. Ta yi fushi da shi, ta yi fushi da garin, sannan fushin ya ƙare ya bar ta da tsoro kawai. A rana ta goma, bayan ta wanke kwanonin rana, ta ɗauki mazurari da moɗa ta sauka. Ganga goma sha takwas ne. Ta bi su duka ɗaya bayan ɗaya tana zubawa. Da ta ɗebo ta duba, launin ya zama na giyar da ta tashi tana gani a teburin gidansu, kuma abin da ya fi ɓata mata rai shi ne yadda ta ji daɗin ganinsa.

Ga ƙa'ida, ƙaramin ma'aikaci ake turowa ya ɗebi samfurin zama na biyu. Amma da ranar ta zo, Lauvergne ne ya fito daga motar. Ya gaishe ta da sakin fuska, abin da bai saba ba. Suna sauka ɗakin ƙasa ya ce shi ya nemi a bar shi ya zo, don hukuncin farko ya tsaya masa a rai. Ya ɗanɗana giyarta bayan zaman, ya kuma rubuta wa manyansa cewa ita ce giyar gaskiya ta wannan tudu, kuma yana so ya tsaya mata a gaban kwamitin. Ghislaine ta yi masa godiya.

Ya buɗe ganga ta farko ya ɗebo, ya taka zuwa bakin ƙofa inda haske ke shigowa, ya ɗaga kofin. Ya daɗe a haka. Ya dawo ya buɗe ta biyar, sannan ta goma sha biyu, kowace ya kai ta bakin ƙofa. Ba abin da ake ji sai ɗigon ruwa daga rufin dutse, da ƙarar kujerar Anselme a sama.

Ya ce, "Ta yi duhu."

Ta ce, "Haka giyarmu take yi in bazara ta matso." Ba ta san lokacin da ta koyi wannan amsar ba, amma ta fito mata sumul kamar yadda take fitowa daga bakin kowa a garin.

Bai yi mata musu ba. Ya buɗe jakarsa ya ciro kwalba ya cika, ya toshe, ya narka jan kakin hatimi ya buga, ya rubuta lamba. Sannan ya ciro ta biyu ya cika daga wata gangar, ita ma ya buga mata hatimi, amma a wannan suna ya rubuta, da kwanan wata, ya miƙo mata alƙalami ta sa hannu. Ta tambaye shi ta biyun ta mece ce. Ya ce ta farko ta kwamiti ce, kuma ba ya shakka za su ba ta suna a wannan karon, har da yabo. Ta biyun kuwa ɗakin gwaje-gwaje na birni za ta, inda ba a duba giya da ido.

Ta raka shi har mota. Ya sa kwalaben a akwati ya gyara musu zama da ciyawa don kada su fashe. Kafin ya shiga ya tsaya, bai dube ta ba.

Ya ce, "Ba zan tambaye ki abin da kika zuba ba, wannan za a gaya mini nan da mako biyu. Abin da zan tambaya in na dawo shi ne inda kika samo shi. Ke ba ki da marini ko gindi ɗaya, ni na ƙirga su, ni na sa hannu. Giyar ubanki ta ƙarshe kuma tanka ta kwashe har ɗigon ƙarshe. Ki yi tunanin sunan da za ki ba ni."

Motar ta juya a tsakar gida. Maimakon ya sauka ta hanyar fita gari, sai ya hau ta tsakiyar gonaki, a hankali, gilas a sauke. Lokacin datse rassan inabi ne, kowa yana cikin gonarsa. Ghislaine ta hango Fulbert ya miƙe daga tsugune da almakashi a hannu, ya ɗaga wa motar hula, sannan ya juyo wajen gidanta ya ɗaga mata hannu, alamar yana tambaya ko komai ya tafi daidai. Ta kasa ɗaga nata.